Kara Biyu a Kan Ido Ɗaya

Abubuwa da yawa sun faru a gidanmu waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma abin da ya sami ɗan yayana a ido, wannan kam ko tsufa ya ci ƙarfina ba na jin zai fita daga raina. Shekaru sun ja, amma har yau in na ga yaro yana gudu da abu mai tsini a hannu sai gabana ya faɗi, in daka masa tsawa ko ɗan waye. An sha ce mini masifaffiya a kan haka. Ban damu ba, ni na san abin da na gani.

Gidanmu yana wani ƙauye ne tsakanin Hunkuyi da Likoro. Mahaifinmu malamin allo ne, kowa Malam yake ce masa har mu 'ya'yansa, mahaifiyarmu kuma Inna. Ni a Makarfi nake aure. Shekarar nan na zo ganin gida ne da kaka, ana tsakiyar saran rake a fadama, da niyyar in yi sati guda in koma. Gara in faɗa muku tun yanzu, ni ce mai bakin gidan. Tun ina yarinya ba na iya ganin abu in haɗiye. Inna takan ce da ana sayen surutu a kasuwar Makarfi da tuni na kai ta Makka. Saboda haka in na ɗauko magana sai a yi dariya a ce ta fara, kowa ya ci gaba da abin da yake yi.

Matar yayana kuwa Allah ya zuba mata kawaici. Tun ranar da aka kawo ta ake ce mata Amarya, sunan ya bi ta har ta haihu biyu. Ɗanta na fari namiji ne, aka sa masa sunan Malam, sai abin ya zame mata biyu, ga kunyar ɗan fari ga sunan suruki. Wanda ya tashi a wajenmu ya san yadda abin yake. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na ci da wuta. Tun da aka yaye yaron ya koma ɗakin Inna, can yake ci can yake kwana. In ta kama dole Amarya ta ambace shi, sai ta ce yaron nan, ko na wajen Inna. Shi ma da ya buɗi baki ya ji kowa na cewa Amarya, sai ya bi sahu, har ya girma bai san wani suna da zai kira ta da shi ba. Malam na ce masa Takwara, Inna na ce masa Maigida tana tsokanarsa wai ya bar ta ba cefane. Matan unguwa har misali suke yi da Amarya, suna cewa in ana neman 'yar da ta san kara a zo gidan Malam. Ni kaɗai nake takalarta, in ce matarmu, wannan ɗan naki tsintarsa kika yi a hanyar rafi ne? Sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai.

Lokacin yana da kamar shekara shida, yaro ne mai ƙiriniya, ba ya zama wuri ɗaya sai barci ya kayar da shi. Ya ga manyan ɗalibai suna rubuta allonsu da kansu, ya tasa Malam a gaba shi ma sai an yi masa alƙalami. Malam kuwa ba ya iya ce wa takwaransa a'a. Ya zaɓi kara mai ƙwari, ya zauna da 'yar wuƙarsa ya feƙe masa shi, baki dogo siriri, ya tsaga tsakiyar yadda zai riƙe tawada. Yaron ya shigo cikin gida yana ɗaga shi sama kamar wanda aka naɗa wa sarauta. Ya tsoma a tawada ya zane bango, ya zane turmi, har ƙafar ƙanwarsa ba ta tsira ba.

Washegari da hantsi ina zaune a tsakar gida ina tsintar wake, akuyar Inna ta tsinke ta nufi shanyar barkono. Kafin wani ya ce wani abu yaron ya kwasa da gudu zai kore ta, alƙalamin na hannunsa a tsaye. Igiyar da akuyar ke ja ta harɗe masa ƙafa, ya kifa da fuska. A kan idona aka yi. Ya ƙwalla ƙara irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, kafin in ture faifai in isa wurinsa ya riga ya miƙe, ya kai hannu fuska ya fizge abin ya yar. Jini na zuba daga ƙasan girarsa ta hagu, ta gefen hanci.

Inna ta fito da gudu ta sungume shi, ta wanke wurin da ruwan buta. Da jinin ya tafi sai muka ga raunin ɗan mitsitsi ne a saman fatar ido, bai fi ƙwayar dawa ba. Ta sa yatsa ta buɗe idon, ƙwayar tana nan lafiya lau, farin fari, baƙin baƙi. Ta rufe masa na dama ta ɗaga yatsu, ya ƙirga daidai yana sheshsheƙa. Kowa ya sauke ajiyar zuciya. Malam ya shigo ya yi masa tofi, ya ce tsautsayi ne, Allah ya taƙaita, da ƙwayar ya samu da yanzu wata maganar ake yi. Nan da nan jinin ya tsaya, aka ba yaron gaɓar rake ya yi shiru.

Duk abin nan da ake yi Amarya tana bakin turmi. Na ga lokacin da ta tsaya da taɓarya a sama, ta daɗe a haka, sannan ta sauke a hankali. Ba ta matso ba. Can sai muka ga ta ɗauko tsintsiya tana share wurin da ya faɗi. Ta share ta tara, ta tsuguna tana baza sharar da hannu, ta tashi ta sake sharewa har bakin turken akuya. Maƙwabta sun shigo jaje suka tarar da ita a haka. Wata dattijuwa ta kama haɓa ta ce kun ga 'yar mutunci ko, ɗanta na jini ita tana shara, irin wannan kunyar ai ta ƙare a zamanin nan. Inna ta ji daɗi har ta sa mata albarka a gaban mutane. Ni kuwa haushi ya cika ni, a raina na ce wannan ai ta wuce kunya ta koma taurin zuciya.

Kwana biyu raunin ya kame ya yi ɓawo, yaro ya koma wasansa, har an fara mantawa. Sai fatar idon ta fara tashi, ta yi ja, ta kumbura har ta rufe idon ruf. Aka ce jini ne ya kwanta. Inna ta dinga gasa masa da tsumma da ruwan ɗumi safe da yamma. Ta aika Amarya ta tatso nono a cokali, tunda tana goyon ƙanwarsa, a ɗiga masa. Amarya ta tatso ta miƙo daga bakin ƙofa kanta a ƙasa, ko leƙa ɗakin ba ta yi ba. Yayana ya hau mashin ya sayo man ido da ƙwayoyi a wani kemis a Hunkuyi. Kumburin ya ɗan sassauta aka yi murna, bayan kwana kaɗan ya dawo ya fi na da.

Ni satina ya cika, na aika wa maigidana zan ƙara kwanaki. Wata rana da la'asar muna wanke-wanke a bayan ɗaki ni da Amarya, ba kowa kusa, sai ta waiga hagu da dama, ta kwance haɓar zaninta ta fito da wani abu ta sa mini a hannu. Alƙalamin ne. Ta ce in dubi bakinsa. Na duba, ba baki, ya karye a tsattsage, tsagar da Malam ya yi ma duk ta tafi. Ta ce ta ga lokacin da yaron nan ya shigo da shi, tsinin ya kusa gaɓar yatsa biyu. Ta ce ranar ta share wurin, da kowa ya watse ta kwashe sharar ta tankaɗe da rariya, ta duba ƙarƙashin turmi, ta duba cikin barkono, ba ta ga guntun ba. Muryarta ko rawa ba ta yi.

 Ashe sharar da aka yi ta sa wa albarka, uwa ce ke neman abin da ya shiga jikin ɗanta. Na ce to ke me kike jira da ba ki faɗa ba? Ta ce da wane bakin? In ta ce wa Inna akwai abu a ciki, kamar ta ce Inna ba ta iya riƙo ba, ita da ta buɗe idon da hannunta ta duba. In ta kai wa Malam alƙalamin, kamar ta ce ga abin da ka feƙe ya nakasa yaro. Kuma a ce yau ita ce ke tsaye tana magana a kan ɗan fari, ina za ta sa kanta a garin nan? Ta ce ni ce mai baki, ni 'yar gida ce, in faɗa. Amma ta haɗa ni da Allah kada in ce daga wajenta na ji, ta karɓe alƙalamin ta mayar haɓar zani ta ƙulle.

Na faɗa kuwa, ban ko tsaya ɗauraye hannu ba. Na sami Inna na ce ina jin guntun kara ya karye a ciki, a kai yaron nan asibiti. Ta ce ta fara. Ta ce ido ko ƙwayar yashi ba ya haƙuri da ita sai ya fitar da ita da hawaye, balle kara, in da akwai wani abu ai da ta gani. Maganarta da ma'ana, don duk a lokacin ba wanda ya san akwai wuri a bayan ƙwayar ido da abu zai shiga ya zauna. Na tare yayana ya dawo daga fadama, ya saurare ni yana kaɗe ƙaiƙayin rake daga rigarsa, ya ce duk abin da su Malam suka yanke shi ke nan. Shi ma fa ɗan farinsa ne, a gaban iyayensa ba zai nuna zaƙewa ba. Na durƙusa wa Malam bayan ya idar da sallar magariba, ya ji ni har ƙarshe, ya ce Allah ya yi mini albarka, za a duba. Na san Malam, in ya ce za a duba to an rufe maganar. Wadda ake saurara ba za ta yi magana ba, wadda ke magana kuma an saba da ita kamar kukan zabi.

Daga nan abu ya ƙi daɗi. Zazzaɓi ya rufe yaron, ya daina cin abinci, ko kunu aka ba shi sai ya dawo da shi. Yaron da ake fama da shi ya zauna, sai ga shi kwance yini guda yana cewa kansa, kansa. Idon ya turo gaba kamar ana danno shi daga ciki. Ɓawon raunin ya ɓalle, mugunya ta fara tsattsafowa, wani lokaci da ɗan baƙi-baƙi a ciki. Inna ta ce mataccen jini ne ke fita, alamar sauƙi ce. Ni da Amarya muka haɗa ido, don mun san kalar tawada. A lokacin an doshi sati biyu da faɗuwar. Manya suka yi shawara suka ce ƙurji ne ya nuna, a kira wanzami ya yi masa sakiya, wato ya huda kumburin da ƙarfe mai zafi mugunyar ta fita a huta.

Da safe wanzami ya iso, ya zauna a zaure ya buɗe zabirarsa, aka kai masa garwashi a kasko. Malam ya shigo cikin gida da kansa zai ɗauko takwaransa. Inna na tsaye, yayana na tsaye, ga maƙwabta biyu da suka shigo taya riƙo. Ni ina gefe ina ta faɗa ba mai kula ni. Malam ya doshi ƙofar ɗakin Inna ke nan sai ga Amarya ta fito daga madafa, goyo a bayanta, hannunta duk toka. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofar, daidai inda zai wuce. A shekarun da ta yi a gidan ban taɓa ganin ta tsaya a hanyar Malam ba, in ta ji takunsa ma ɗaki take shigewa. Ta kwance haɓar zani, ta ajiye alƙalamin a ƙasa a gabansa.

Ta ce, "Malam, a gafarce ni. Alƙalamin nan bai cika ba. Sauran yana cikin idon ɗana."

 Ba maganar alƙalamin ce ta fara daskarar da mutane ba, kalmar ɗana ce. Ɗaya maƙwabciyar har ta rufe baki da mayafi. Malam ya sunkuya ya ɗauki alƙalamin, ya juya shi, ya aza a kan yatsansa yana kallo. Shi ya feƙe shi, ya san inda bakin ya kamata ya kai. Na ga fuskarsa ta canza. Ya tambaye ta tun yaushe ta sani, ta ce tun ranar. Ya yi salati a hankali. Sannan ya juya ya ce wa yayana ya je ya ba wanzami haƙuri ya sallame shi, ya nemo mota yanzu-yanzu.

Inna, abin da aka raine ta da shi ke nan, ta ce, "Amarya, yau ke ce da faɗin ɗana a gaban Malam?"

Malam ya ce, "Nata ne. Ta shirya, da ita za a tafi."

Mu uku muka tafi da shi, ni da yayana da Amarya da goyonta. A motar ma ni na riƙe yaron, ita tana gefe tana kallon taga, sai dai na lura hannunta na kan ƙafarsa ta ƙarƙashin mayafi. Muka fara zuwa wani asibiti na kusa, aka ɗauki hoton ƙashi, ba a ga komai ba. Yayana har ya fara cewa to kun gani. Amma likitan da ya duba idon ya ce wannan ba aikin nan ba ne, mu wuce Zariya yau, kada mu koma gida, kada mu tsaya ko'ina.

A babban asibiti a Zariya wata likitar ido ce ta karɓe mu, mace mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Ta dube mu ta ce wace ce uwarsa. Na buɗe baki zan amsa kamar yadda na saba, sai na ji Amarya ta ce ni ce. Likitar ta tambayi abin da ya soke shi, da yadda ya faɗi, da ko an ga abin bayan an cire. Amarya ta miƙa mata alƙalamin, ta nuna da yatsa iya tsawon da ya ɓace. Likitar ta ce ta kyauta da ta adana shi. Ta yi mana bayani cewa kara ba ƙarfe ba ne, ba ya fitowa a hoton ƙashi, ko a babbar na'urar da ake tura mutum ciki a kwance ma busasshen kara yakan fito kamar iska ce kawai, sai an san abin da ake nema ake gane shi. Aka shiga da yaron na'urar. Da hoton ya fito ta nuna mana wani ɗan layi siriri a kwance can ciki, ni dai ban ga komai ba sai da ta aza biro a kai.

A nan na fahimci abin da ya shige mana duhu. Ta ce ƙwayar ido tana zaune ne a cikin wani kwarmi na ƙashi, kamar ƙwai a cikin ludayi, akwai 'yar hanya a gefenta. Alƙalamin bai taɓa ƙwayar ba, ta samanta ya bi ya shige can baya, ya karye, fata ta rufe a kansa. Shi ya sa Inna ta duba ba ta ga komai ba. Ta ce kara yana ɗauke da datti, ba ya zama lafiya a jiki, sai ya tara mugunya. Ta ce ƙashin da ke saman kwarmin nan a wajen yara siriri ne ƙwarai, a bayansa kuma ƙwaƙwalwa ce, tsinin ya tsaya dab da shi. Ni da bakina na ba ta labarin wanzami da garwashinsa. Ta dube ni kawai ta ce Allah ya kiyaye, ta ci gaba da rubutu.

Aka yi masa tiyata washegari. Muna zaune a baranda, yayana na jan carbi, Amarya na ba 'yarta nono tana kallon ƙofa ɗaya tun da aka shiga da shi. Da aka fito wata ma'aikaciya ta kawo mana 'yar kwalba. Ga shi nan a ciki, bakin alƙalami da tsagarsa, ya jiƙa ya kumbura, har lokacin da sauran baƙin tawada a jikinsa. Yayana ya karɓa ya kalla, ya miƙa mini, ya tashi ya koma can ƙarshen baranda ya juya mana baya. An kwashe mugunya mai yawa, aka sa shi a kan allurai. Zazzaɓin ya sauka, ya fara neman abinci, har ya fara tambayar ko an ɗaure akuyar Inna. Muka ce Alhamdulillahi, rai dai ya tsira.

Saura ido. Da kumburin ya sauka sosai aka kwance bandeji, likitar ta zaunar da shi a kujera. Idon ya koma mazauninsa, in ka gan shi ka ce lafiyarsa ƙalau, sai dai fatar ta ɗan sauko. Ta rufe masa na dama da auduga ta manne, ta ɗaga yatsu a gabansa ta ce nawa ne.  Ta haska masa 'yar fitila, ta kai ta hagu ta kai ta dama. Ya ce a buɗe masa idon mana ya gani. Ta ce a buɗe yake. Ya ce a'a, duhu ne.

Ta juyo ta gaya mana gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Mugunyar ta daɗe tana danne jijiyar gani a can baya, jijiyar ta mutu, kuma ba a gyara ta. Idon zai zauna a wurinsa amma ba zai ƙara gani ba. Yayana ya tambaya da murya ƙasa-ƙasa, da an kawo shi da wuri fa? Ta ce ba za ta rantse ba, sanin gaibu sai Allah, amma yaron da ya ƙirga yatsu a ranar da ya faɗi, karan bai kashe masa gani ba, zaman da ya yi a ciki ne. Na ji maganar nan har cikin ƙashina, na yi kuka a gaban mutane ban ji kunyar kowa ba.

Shi kuwa yaron har lokacin audugar na manne a idonsa mai gani. Ya ji ana kuka, ga duhu, sai ya tsorata. Ya fara lalube da hannu yana kiran Inna, Inna kuwa tana can ƙauye. Sai na ji Amarya ta kira sunansa. Sunansa na yanka, sunan Malam, ta faɗe shi cikakke a gaban mijinta da likita da duk wanda ke ɗakin. Yaron ya tsaya cak, ya juya kai wajen muryar.

Ya ce, "Amarya, ni kike kira?"

Ta ce, "Kai nake kira. Zo nan."

Ta kwance goyon ta miƙo mini, ta ɗauke shi ta aza a cinya, ta cire masa audugar da hannunta. Ya zauna a sandare kamar wanda aka ɗora a cinyar baƙuwa, bai san inda zai sa kansa ba. Sai da ta kama kan ta kwantar a ƙirjinta. Ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe shi har aka ce mu tashi wasu na jira.

Da muka koma gida ba wanda ya ɗora wa wani laifi da baki. Inna ta rame a 'yan kwanakin nan, ta karɓi jikanta ta rungume. Malam ya daina ba ƙananan yara alƙalami su fita da shi, a gabansa za a yi rubutu a gabansa za a ajiye. A unguwa kuwa an samu masu cewa Amarya ta zubar da kunya, wai har sunan suruki ta kama a asibiti. Wadda ta faɗa a kunnena ba ta ƙara faɗa ba, wannan kam na iya. Yaron ya girma da ido ɗaya, ya sauke Alƙur'ani da shi, yana noma da shi, in za ka yi masa magana ta hagu sai ya juyo da fuska gaba ɗaya. Har yau Amarya yake ce mata, ita kuma tana kiran sunansa ko a gaban waye.

Abin da na koya ba mai wuya ba ne. In yaro ya faɗi a kan abu mai tsini kusa da ido, kada ƙanƙantar raunin ta ruɗe ku, kada lafiyar ƙwayar ta ruɗe ku. A nemo abin da ya soke shi a duba ko ya cika, a tafi da shi asibiti tare da yaron a ranar, in kuma yana maƙale kada a zare. Sannan a bar uwa ta yi magana a kan ɗanta, na fari ne ko na goma. Ban ce a zubar da kunya ba, da ita aka raine mu, ni ma da bakin nan nawa ina da tawa. Amma kara biyu ne suka haɗu a kan idon yaron nan. Karan alƙalami likitoci sun cire shi a yini ɗaya. Ɗaya karar, wadda muka taru a tsakar gida muna sa wa albarka, ita ce ta tafi da idon.